Me ya sa ake yi wa bos ɗina dariya a maimakon a ji tsoronsa?

Tambayar da wata ɗaliba mai koyon rubutun fim ta aiko: "Malam, na kammala labarina na farko. Bos ɗin wani Alhaji ne da ya danne gadon 'ya'yan ƙaninsa. Na ba shi yara masu makamai, yana tsawa, yana mari, har kisa ya sa aka yi. Da na karanta wa ƙawayena sai suka riƙa dariya a daidai wuraren da nake so gabansu ya faɗi. Me ke sa mugu a fim ya ba da tsoro har a kasa mantawa da shi?"

Ƙanwata, sannu da ƙoƙari, Allah Ya sa albarka a alƙalaminki. Kada dariyar ƙawayenki ta karya miki gwiwa. Sun nuna miki inda ciwon yake tun labarin yana kan takarda, kafin furodusa ya zuba kuɗinsa, kafin a kwashi jama'a a tafi lokeshan. Ni sai da fim ya shiga kasuwa sannan na ji irin wannan dariyar, kuma ta yi mini ciwo ƙwarai.

A zamanin kaset ne. Na shiga wani gidan kallo a lungun unguwarmu, na biya kuɗina na zauna a bencin baya, ba wanda ya san ni na rubuta abin da ake kallo. Bos ɗina ya fito da babbar riga da baƙin gilashi, yana dukan tebur, yana zare ido, yana kiran yaransa banzaye. Kafin ya rufe baki yaran da ke zaune a gaba sun riga shi ƙarasa maganar, suna kwaikwayon muryarsa suna shewa. Can wajen ƙarshen fim ɗin akwai wata 'yar fitowa da ban ɗauke ta a bakin komai ba lokacin da nake rubutawa. Uwargida ta dama fura ta miƙa wa 'yar kishiyarta, ta koma kan tabarma tana tsefe kanta, tana kallon yarinyar tana sha. Masu kallo sun riga sun ga lokacin da ta kwance wani ƙullin leda a madafi. Abin da ta faɗa kawai shi ne, "Shanye duka, 'yar albarka." Gidan kallon ya yi tsit, har ƙarar janareta ake jiyowa daga waje. Wani yaro a bencin gaba ya ce a hankali, kamar yarinyar za ta ji shi, "Kar ki sha."

Duk abin da zan gaya miki yana cikin wannan ƙwaryar fura. Matar tana da iko a kan yarinyar. Yarinyar ba ta da wurin gudu, ba ta ma san akwai abin gudu ba. Mu masu kallo mun sani, ba kuma yadda za mu yi. Ita kuwa mai aikin, hankalinta kwance yake kamar tsumma a randa.

Mu fara da tsawar Alhajinki. Duba yadda iko yake a rayuwarmu. Sarki a fada ba ya ɗaga murya, bakinsa ma a rufe yake da amawali, zai yi magana ƙasa-ƙasa, wani ya ɗauka ya sanar da jama'a. Uban da gidansa ke shakkarsa gyaran murya kawai yake yi a zaure, ki ga kowa ya shiga taitayinsa. Wanda ke ihu a tsakar gida yana zagi, kowa ya san abin ya fi ƙarfinsa ne, shi ya sa yake neman a ji shi da ƙarfin tsiya. Mai kallo ya san wannan a jikinsa ko da bai taɓa tsayawa ya yi tunaninsa ba. Da zarar bos ya fara tsawa daga fitowarsa ta farko, ya bayyana iyakar abin da yake da shi, ba sauran abin jira. In ya sake yi karo na biyu da na uku, an gane salonsa, abin da aka gane salonsa kuwa kwaikwayonsa ake yi, kamar yadda yaran nan suka yi mini.

Za ki iya cewa, to ai bosawan Indiya da muka taso muna kallo suna tsawa suna kuma dariya, kuma mun ji tsoronsu. Gaskiya ne, kuma ya kamata mu tsaya a nan da kyau, domin daga wurinsu muka kwaso dariyar bos, muka baro abin da ya sa dariyar take tayar da tsikar jiki.

Ɗauki Gabbar Singh a fim ɗin Sholay na 1975, wanda Ramesh Sippy ya ba da umarni, Salim Khan da Javed Akhtar suka rubuta, Amjad Khan ya hau matsayin. Sai da fim ya yi nisa sosai kafin a nuna shi. Kafin nan sunansa kawai ake ji, ana ganin yadda mutanen ƙauye ke miƙa hatsinsu ga yaransa ba gardama. Ranar da za a nuna shi ma, takalmansa aka fara nunawa suna taka duwatsu sannu a hankali, yana kai da komo a gaban yaransa uku da suka dawo da kunya, mutum biyu sun kore su. Ya tambaye su mutum nawa suka tarar, alhali ya san amsar. Ya karɓi bindiga mai cin harsashi shida, ya ce harsashi shida ga mutum uku ai rashin adalci ne, ya harba uku sama. Ya juya gidan harsashin har shi kansa bai san inda ukun suka tsaya ba. Ya ɗora bakin bindiga a kan na farko ya ja kunama, ba ta tashi ba. Na biyu ma haka. Na uku ya tuna masa cewa ya ci gishirinsa, wato ya yi masa hidima da amana, ya ja, nan ma ba ta tashi ba. Sai ya fara dariya kaɗan-kaɗan. Mutum ukun nan da suka ga sun tsira suka fara tayawa cikin rawar jiki, sauran 'yan dabar da ke kan duwatsu suka ɗauka, wuri ya kaure da dariya. A tsakiyar dariyar ya juyo ya harbe su duka ukun.

Kin ga aikin da dariyar ta yi? Tarko ce. Ita ta sa waɗanda za a kashe suka saki jiki, mu ma muka saki jiki tare da su, har wasunmu suka fara murmushi. Daga wannan fitowa zuwa ƙarshen fim, duk lokacin da Gabbar ya yi murmushi sai hantar mai kallo ta kaɗa, domin ya koyi cewa fara'ar mutumin nan ba ta nufin an tsira. Yana tsawa, amma tsawarsa tana zuwa ne bayan dogon shiru, a lokacin da ba a zata ba. Sannan lura da waɗanda ya kashe: yaransa ne, ba abokan gabansa ba. Marubutan sun nuna mana abin da yake yi wa nasa, suka bar mu mu auna abin da zai yi wa bare. Mu kuwa sai mu sa bos ya faɗi magana, ya kece da dariya shi kaɗai yana kallon silin, yaransa biyu a tsaye sun harɗe hannu. Dariyar ba ta yaudari kowa ba, ba ta kashe kowa ba, ado ce kawai kamar baƙin gilashin.

Akwai wata magana da Gabbar ya yi a wannan fitowar, yana alfahari cewa a ƙauyuka masu nisa uwa kan ce wa ɗanta ya yi barci kar Gabbar ya zo. Ba Bahaushen da zai ji wannan bai tuna da Dodo ba. Tambayi kanki, a duk tatsuniyoyin da kakarki ta yi miki, ta taɓa zama ta siffanta miki Dodo daga kai zuwa ƙafa? Takan ce yana bakin rafi, ko ya tare hanya, ta sauya murya ta yi waƙarsa, shi ke nan. Kowane yaro a kan tabarmar nan shi ya ƙera nasa Dodon da abin da ya fi tsoro, shi ya sa ba wanda ke yarda ya fita fitsari shi kaɗai bayan an tashi. Da kakar ta ɗauko hoto ta ce ga shi, da an huta.

Masu fim na ƙwarai sun daɗe da gane wannan. A 1931 darakta Fritz Lang ya yi wani fim a Jamus mai suna M, a kan mai kashe ƙananan yara, kuma shi ne fim ɗinsa na farko mai sauti. Yarinya ta taso daga makaranta tana buga ƙwallonta a jikin wani ginshiƙi da aka manna sanarwar neman mai kisan. Inuwar mutum mai malafa ta faɗo a kan sanarwar. Ya saya mata balan-balan a wurin wani makaho yana fito da baki. Daga nan kyamara ta koma gida: uwa ta shirya abinci, tana duban agogo, tana leƙa matakala tana kiran sunan 'yarta. Aka nuna farantin yarinyar ba kowa a gabansa. Aka nuna ƙwallon ta gangaro daga cikin ciyawa ta tsaya. Aka nuna balan-balan ɗin ya maƙale a wayar tangaraho. Ba ɗigon jini ko ɗaya, amma duk uwar da ta kalli wurin nan ba za ta manta ba. Fiton nan kuwa ya zama tambarin mutumin, da an ji shi an san yana kusa, kuma da shi makahon ya gane shi daga baya. Haka a Sholay, lokacin da Gabbar ya saita bindiga a kan ƙaramin jikan Thakur, tsohon ɗan sandan da daga baya ya ɗauko jaruman fim ɗin biyu don su kamo masa Gabbar, ba a nuna harbin ba, an yanke hoton zuwa kan jirgin ƙasa yana huci. Ko a fim ɗin Jaws na 1975, mai labarin wani ƙaton kifi mai cin mutane, kifin roba da aka ƙera wa darakta Steven Spielberg ya yi ta lalacewa a ruwan gishiri, dole ta sa ya rage nuna shi, ya dogara da kiɗan John Williams mai sauti biyu da ke maimaituwa da kuma gangunan da kifin ke ja a saman ruwa. Wannan albishir ne ga mai ƙaramin jari irinmu: abin da ya fi ba da tsoro shi ne ya fi araha a ɗauka.

Amma ɓoyewa kaɗai ba ta isa ba, sai kin san abin da za ki ɓoye da abin da za ki bayyana. Darakta Alfred Hitchcock ya yi wa takwaransa François Truffaut bayanin wannan a hirarsu ta 1962. Mutum biyu suna hira a tebur, kwatsam bam ya tashi a ƙarƙashinsu: mai kallo zai firgita na daƙiƙa goma sha biyar. Amma in an nuna masa lokacin da aka dasa bam ɗin, ya san ƙarfe nawa zai tashi, ga agogo a bango, to hirar banzar da suke yi ta zama abin da zai riƙe numfashinsa na minti goma sha biyar. Ƙullin ledar uwargidan nan shi ne bam ɗina, ban ma san na dasa shi ba. Ki ɓoye wa mai kallo aikin da kansa, ki bayyana masa niyyar. Wanda za a cuta shi za ki bari a duhu.

Yanzu mu shiga cikin Alhajinki, domin a nan nake ganin babban aikin yake. Daga yadda kika kwatanta shi, ya san shi mugu ne, kuma yana jin daɗin hakan. Mutane irin wannan ba su da yawa a duniya. Yawancin waɗanda suka cuci marayu, suka raba uwa da 'ya'yanta, suka ci amanar abokan kasuwanci, suna kwana barcinsu lafiya lau, domin kowannensu yana da hujjar da ya gaya wa kansa har ya yarda. Wannan natsuwar ita ce ke daskarar da mai kallo. Wanda ya san laifi yake yi, akwai fatan a roƙe shi ya ji kunya. Wanda ke ganin shi ne mai gaskiya, ta ina za ki ɓullo masa?

A 1975 ɗin dai aka yi fim ɗin One Flew Over the Cuckoo's Nest a Amurka, inda Louise Fletcher ta fito a matsayin shugabar ma'aikatan jinya a asibitin masu taɓin hankali, har ta ci kyautar Oscar. Farar riga tsaf, murya mai taushi, komai bisa doka da oda, kuma ta yi imani cewa alheri take yi wa majinyatan. Akwai wani saurayi mai i'ina da ke mutuwar tsoron mahaifiyarsa. Wata safiya aka kama shi da laifi, a karon farko ya tsaya a gabanta ya yi magana tiryan-tiryan ba i'ina. Ba ta yi fushi ba. Ta ce abin da ke damunta kawai shi ne yadda mahaifiyarsa za ta ji in labari ya kai mata, ga shi kuwa su ƙawaye ne tun da daɗewa. Nan take i'inar ta dawo, yaron ya durƙushe yana roƙo, ba a jima ba ya kashe kansa. Ba wuƙa a hannunta, ba bindiga. Ta san inda rauninsa yake ne, ta sa yatsa ɗaya a wurin.

To ki ba Alhajinki hujja. Tunda yayan marigayin ne, Baffan yaran ke nan. A ce shi ya bar makaranta ya shiga kasuwa yana yaron shago domin ƙanin ya yi karatu. Shi ya biya kuɗin makarantar, shi ya yi masa aure. Ƙanin ya samu aiki ya gina gida, shi kuwa kasuwa ta juya masa baya, yana haya da 'ya'ya tara. A zuciyarsa gidan nan guminsa ne, bashi yake karɓa. Ya san ayar nan ta goma a Suratun Nisa'i da ta ce masu cin dukiyar marayu da zalunci wuta suke ci a cikunansu, yana iya karanta ta a wurin ta'aziyya hawaye na zuba, hawayen kuma na gaske ne, domin ya tabbatar wa kansa ba da shi ayar take ba. Ki kore yaran nan masu makamai gaba ɗaya, ba ya bukatarsu. Makaminsa shi ne girman da dangi ke ba shi.

Bari in gwada miki fitowa ɗaya. Da safe mun ga Baffa da dillali a tsaye a ƙofar gidan, dillalin yana auna faɗin filin da taku, sun yi musabaha sun rabu. Bayan Magariba ya yi sallama ya shigo, almajiri na biye da shi ɗauke da buhun shinkafa da galan ɗin mai. Matar marigayin tana cikin takaba, kwanakinta ba su fi ashirin ba daga cikin wata huɗu da kwana goma. Ta shimfiɗa masa tabarma, ya wuce ya zauna a kujerar marigayi. Ya ɗauki autan ya ɗora a cinya, ya zaro gyaɗa daga aljihu yana ɓare masa.

"Maman Abba, ya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya, Yaya. Allah Ya saka da alheri, hidimar ta yi yawa."

"Haba, in ban yi muku ba wa zan yi wa? Dama takardun gidan nan nake so ki ba ni in adana. Ɓarayi sun yi yawa, gida kuma ba namiji."

"Yaya, ai marigayi cewa ya yi in riƙe su a wurina."

Fuskarsa ba ta sauya ba. Ya murje gyaɗar a tafin hannu, ya hure ɓawon.

"Haka ne. Allah Ya jiƙansa."

Shiru. Ana jin kiran Isha'i daga nesa.

"Jiya dangi suka zauna a kan riƙon yaran nan. Wasu na ganin in kin fita takaba a rarraba su, Abba ya tafi ƙauye wajen Gwaggo. Ni na ce a'a, a bar uwa da 'ya'yanta. Har yanzu dai ni nake tare su."

Ya sa wa yaron gyaɗa a baki. Ta daɗe tana kallon hannun da ya riƙe ɗanta da shi. Ta miƙe ta shiga ɗaki. Kyamara ba ta bi ta ba, ta tsaya a kan yaron yana tauna yana wasa da gemun Baffansa. Daga ciki aka ji ƙarar buɗe akwatin ƙarfe.

Duba, bai faɗi kalma ɗaya da za a kai shi ƙara a kanta ba. In ta je ta gaya wa dangi, me za ta ce? Ya kawo shinkafa, ya ce zai adana takardu, ya ce yana kare ta? Wannan rashin mafita shi ne tsoron. Kuma rabin matan da za su kalli fim ɗin sun san wani Baffa irin wannan, ko a gidansu ko a maƙwabta. Bos mai gidan ƙasa da bindigogi, da an kashe talabijin ya tafi. Wannan kuwa zai iya yin sallama gobe bayan Magariba. Ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa.

Hattara da abu ɗaya a nan. Hujjar da kika ba shi, ki bar ta ta ɓullo a magana ɗaya ko biyu, a bakinsa ko a bakin matarsa. Kada ki ɗauki minti goma kina nuna mana yarintarsa da kiɗan tausayi har mu manta da marayun. Muna so mu fahimce shi ne har mu tsorata da yadda hujjar ta kusa shiga kanmu, ba mu wanke shi ba.

Sauran aikin na lokeshan ne da ɗakin tacewa, amma ke za ki share musu hanya a rubuce. Wajen 1920 wani ɗan fim na Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar ɗan wasa guda, fuskar ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da gawar yarinya a akwati, ya sake haɗa ta da mace a kishingiɗe. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali hoton ɗaya ne. Ma'anar wannan a wurinki ita ce, ɗan wasan da zai hau Baffa ba ya bukatar ya "yi mugunta" da fuska. Ki rubuta masa abin da hannunsa zai riƙa yi, gyaɗa ko carbi ko goge gilashi, ki rubuta ƙarara cewa ba zare ido, ba cije leɓe. Tsoron a fuskar matar za a gan shi, da yadda hira ke mutuwa in ya shigo, da yadda babbar 'yar ke jan ƙanenta zuwa ɗaki ba tare da an ce mata komai ba. In da hali ma a ba wa ɗan wasan da jama'a suka saba gani a matsayin uba nagari ko malami, domin yardar da suka yi da fuskarsa ta zama wani ɓangare na tarkon. Sannan ki roƙi edita ya ɗauke hannunsa daga kiɗan nan na piyano da ake saka wa bos duk lokacin da ya shigo. Kiɗan yana gaya wa mai kallo abin da zai ji, mutum kuwa ba ya son a umarce shi da jin tsoro. Kiran salla daga nesa da ƙarar akwati sun ishe ki.

Akwai wata hanya mai sauƙi da nake roƙonki kada ki bi, kuma wannan magana tana ci mini rai. Mun saba nuna mugu da tabo a fuska, ko ido ɗaya, ko ɗingishi, ko mu ba shi baƙar fata mu ba jarumi fara, ko mu sa masa karin harshen wata ƙabila. Yaron da aka haifa da nakasa yana zaune a gaban talabijin ɗin nan tare da 'yan'uwansa, gobe kuma zai je makaranta a kira shi da sunan bos. Bayan zaluncin da ke ciki, ta fuskar sana'a ma asara ce, domin kin sanar da mai kallo tun daga nesa wanda zai guda, kin kashe wa kanki damar ba shi mamaki. Haka zancen boka da jan ƙyalle da ƙwarya mai hayaƙi: da zarar mugu ya tafi wurin boka, an sauke masa nauyin aikinsa an ɗora wa aljanu. Ko uwargidan da na ba ki labarinta, da yau zan sake rubuta ta, sai na nuna abin da mijin ya yi mata shekara ashirin kafin ta kai ga kwance ledar nan, domin kishiya muguwa haka kawai ta yi yawa a finafinanmu har ta zama zagi ga mata.

Game da ƙarshensa. Mun saba a minti biyar na ƙarshe mugu ya haukace yana tsince-tsince a bola, ko mota ta kaɗe shi, ko ya fashe da kuka ya nemi gafara kowa ya yafe. Na san dalili: masu kallonmu suna son ganin sakayya, kuma tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001 marubuci yana rubutu ne da sanin cewa za a duba saƙon da fim ɗinsa ke ɗauke da shi. Ba mu kaɗai ba ne. Sholay ma a asalin yadda aka ɗauka Thakur ne ya kashe Gabbar, masu tace finafinai na Indiya suka sa aka sauya, 'yan sanda suka zo suka kama shi. Duk da haka Gabbar bai ragu a idon kowa ba, domin abin da ya ɓata bai gyaru ba: hannayen Thakur da ya sare ba su dawo ba, iyalinsa ba su dawo ba, ɗaya daga cikin jaruman biyu ma ya mutu. Ki hukunta Baffa, amma hukuncin ya fito daga aikinsa, misali sa hannun da ya yi wa dillali ya zama shaidar da za ta kama shi a gaban alƙali. Kuma kafin nan ki bar shi ya yi nasara sau biyu ko uku, nasara ta gaske mai ciwo. A sayar da gidan. A kai Abba ƙauye. Ko da gaskiya ta yi halinta daga baya, yaron ya dawo ya girma, yana kiran wata mata Inna, yana jin nauyin mahaifiyarsa kamar baƙuwa.

Ga aikin da zan ba ki a wannan makon. Ɗauko fitowar da Alhajinki ya fi yin ihu a cikinta. Soke duk zagi da barazanar da ke bakinsa, ki fitar da yaransa daga ɗakin. Rubuta a gefen takarda abu ɗaya da wanda ke gabansa ya fi tsoron rasawa, da dalilin da ya sa ba zai iya tashi ya fita ba. Sa wata 'yar gajeriyar fitowa kafin wannan, wadda za ta nuna mana niyyarsa mu kaɗai. Sannan ki sa shi ya shigo da sallama da tsaraba, ya nemi abin da yake so cikin ladabi. Tara ƙawayen nan naki dai, su ɗin da suka yi dariya, ki karanta musu da murya ƙasa-ƙasa, kada ki kalli takarda kaɗai, ki riƙa satar kallon hannayensu da fuskokinsu. Ki aiko mini da fitowar tare da daidai layin da suka yi shiru a kansa, daga nan sai mu duba ta biyu.